Shafin Da Ban Juya Ba

Kakata ba ta san ko bihim a boko ba, amma duk Tursa babu mai yi wa littafi alƙalanci kamarta. Idan na zo hutu daga Rabah, inda nake koyarwa, kafin in gama gaisuwa ta leƙa jakata.

"Angona, mi kak kawo min?" Haka take kirana, wasan kaka da jika.

Shekarar da wake ya yi albarka na kai mata wani littafi da abokin aikina ya rantse ba ya ajiyuwa. Wautata, ban duba cikinsa ba. Sai da muka yi nisa na gane labarin direba ne da ya fita da safe bai dawo ba, matarsa ta shiga nemansa gari-gari. Alhali kawuna, autan kakata, shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Rara, kuma har ranar ba amo ba labari. Duk lokacin girbi sai ta ware masa wakensa a ƙwarya dabam, wai yana son alale.

Na ce mu canza littafi. Ta ce in na isa.

Kullum bayan la'asar muna gindin dogonyaro, ita tana ɓarar wake, ni ina karatu. Gaskiya marubucin ya iya jan rai, har nakan manta da shayina ya huce. Amma yana ba ni haushi. Ana tsaka da tashin hankali sai ya tsaya lissafa kujerun falo, shafi biyu cur. Kakata kuwa matar direban take wa faɗa.

"Wagga ɗiya ba ta da dangi? Kullum ita ɗai bisa hanya!"

Da ya rage babi ɗaya, na kasa haƙuri na karanta shi ni kaɗai da hantsi. Direban ya mutu tun ranar farko. Da marubucin yana kusa, da na shaƙe shi.

La'asar na yi, na buɗe littafin na shiga shara ƙarya. Na dawo da direba gida, ya rame amma da ransa, har rago na yanka masa. Ina ta zuba, ina jin kaina gwani.

"Angona," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba, "tun ɗazu ba ka juya takarda ba. Karanta min abin da anka rubuta."

Kunya ta rufe ni. Na karanta mata: yadda aka kai matar bakin kabarin, yadda ta durƙusa ta yi masa addu'a, ta koma gida ta shiga takaba.

Kakata ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta nisa.

"Mai littahin ga ya yi mata adalci. Ita dai ta sani."

Littafin yana nan a akwatina. Ina son sa, ina jin zafinsa, kuma ban ƙara ba kowa aronsa ba. Ranar dai ina kallonta ta jawo ƙaramar ƙwaryar nan, ta ɗebi wake tafi biyu ta zuba wa autanta.