Ƙamshin da Ke Gyalen Inna Shulan

Kawuna Mou Changgui ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa bas a birnin Chongqing, amma ba wanda ke tuna shi da tuƙi. A unguwarmu, idan mutum zai yi baƙi, ko ɗansa ya ci jarrabawa, ko kuwa ruwa ne ya kwana biyu yana zuba jiki ya yi nauyi, wurin Kawu yake zuwa.

"Malam Mou, ina za mu ci tukunyar wuta?" Wato romon da ke tafasa a tsakiyar tebur, kowa yana tsoma nama da ganye yana ci.

Kawu zai lumshe ido kamar an ɗora masa kaya, sannan ya faɗi wani lungu. A hau matakala har gwiwa ta fara kuka, a juya wajen mai gyaran takalma, a shiga ƙofar da ba ta da allo. Wanda ya je kuwa sai ya dawo da leɓe a kumbure yana godiya.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunana Dandan. Da na gama jami'a na samu aiki a wani ɗakin karatu kusa da gidansu, sai na koma zama da su. Ba ni da yawan magana, shi ya sa Kawu ke son fita nema da ni. Ya samu wadda zai yi wa bayani ba ta musa ba.

Yana da hanyarsa. Yakan isa kafin mutane su cika, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska. Ya duba ko daɓen yana santsi da kitse, ko akwai tsofaffi da suka naɗe riga sama da tumbi suna fifita, ko tukunyar da ke tafasa a tsakiyar tebur ja ce har ta yi duhu. In duk wannan ya yi masa, sai ya yi wa mai gidan tambaya ɗaya: "Kuna da mai shamaki?" Wato tukunyar da aka raba biyu, gefe ja da barkono, gefe farin romo. In aka ce akwai, ko sallama ba ya yi.

"Ta baƙi ce da majinyata," yakan ce mini muna sauka. "Duk wanda ya yarda ya raba tukunyarsa, shi kansa bai yarda da romonsa ba."

Kuma yana da kishin wurarensa. In wani gida da ya gano ya yi suna har aka fara layi, sai ya daina zuwa, in zai wuce ta wurin ya kau da kai. Tsohon kwandastansa, Pu, ya taɓa samo wani gida mai kyau ba da saninsa ba. Kawu bai yi masa magana ba har sanyin shekarar ya wuce.

Matarsa, Inna Shulan, ta yi ritaya daga masaƙa. Tun suna saurayi da budurwa ba ta taɓa zaɓen inda za su ci ba, kuma Kawu yana faɗin haka da alfahari. "Tsohuwata ba ta taɓa sa baki a lalatacciyar tukunya ba." Ita dai takan zauna gefensa, ta tsoma tumbin shanu a jan romo, ta dangwala a man riɗi da tafarnuwa, ta ci tana share gumi. In mun dawo gida ta kaɗa garin maganin ciki a kofi ta sha a tsaye a kicin.

Wata Alhamis da yamma ta dawo daga rawar da suke yi da ƙawayenta a filin unguwa, ta rataye gyalen wuyanta a bayan ƙofa. Kawu ya zo wucewa da butar shayi. Ya wuce, ya tsaya, ya dawo da baya. Ya kai hancinsa jikin gyalen.

"Tsohuwa, ina kika je?"

"Rawa. Yau ba Alhamis ba ce?"

"A cikin kitse kuke rawar yanzu?"

"Mun ɗan ci abinci da muka tashi. Laifi ne?"

"A ina?"

"A wani wuri."

"Wa ya kai ku?"

Ta cire takalmi ba ta ko dube shi ba. "Kai da ka san kowane rami a garin nan, ni za ka tambaya?"

Ya sake shinshina gyalen, na ga fuskarsa ta sauya. Da ƙamshin bai yi kyau ba, da ya yi dariya ya ce ga sakamakon fita ba shi. Amma kitsen shanu ne mai kyau, ba a ƙona barkonon ba, fasaƙwarin da ke kashe leɓe sabo ne, kuma a ƙarƙashinsu akwai ɗan ƙamshin busasshen bawon lemo. "Mai wannan romon ya san hannunsa," ya faɗa a hankali, kamar an yi masa rasuwa. Sai ya cire gyalen ya cusa a leda ya ƙulle, kada ƙamshin ya gudu.

"Gyalena fa?"

"Ya yi datti. Zan kai wanki."

Washegari ya ja ni zuwa gidan shayin da Pu ke wuni.

"Kai, kwandasta! Ashe har yanzu kana ɗaukar fasinja a bayan direba?"

Pu ya ɗago daga kofinsa. "Direba, wa ya taka maka birki da sassafe?"

"Ina ka kai matata cin tukunya?"

"Ni? Matarka da ko gaisuwata sai ta ga dama take amsawa?" Ya dube ni, ya dubi ledar da ke hannun Kawu, sai ya fahimta. Ya yi dariya har ya ƙware. "Wayyo! Ta ci a inda ba ka sani ba! Dandan, faɗa mini gaskiya, ya yi barci jiya?"

Na sunkuyar da kai. Bai yi ba. Da na tashi da safe na tarar da shi zaune da ledar a cinya.

Da muka fito na ce a hankali, "Kawu, da mun bi ta ranar Alhamis."

"In bi mace a baya kamar ɗan sanda? Hancina ya mutu ne?"

Haka muka fara yawo, duk ranar da ba ni da aiki. Mun tsallaka kogi mun dawo. Mun shiga lungunan da shi kansa ya manta da su tun yana tuƙi. A kowace ƙofa sai ya kwance leda ya shinshina gyale, ya shinshina iska, ya girgiza kai. Ya je har kasuwar kayan yaji yana tambayar wa ke sayen bawon lemo da yawa, suka ce rabin gari.

Wata Asabar muka sauka wasu matakala a ƙarƙashin gada, inda aka haƙa kogo a dutse don ɓuya lokacin yaƙi, yanzu ya zama gidan cin tukunya. Tun ba mu ƙarasa ba Kawu ya rage tafiya. Bai ma taɓa ledar ba. Daɓen yana santsi, ga tsofaffi da riga a naɗe, ga kujerun roba 'yan gajeru. Wata mata mai ƙiba da tawul a wuya ta fito.

"Malam, ku nawa ne?"

"Kuna da mai shamaki?"

"Akwai, Malam."

Ya juya. Na ga yadda ya haɗiye yawu, amma ya juya. "Ba nan ba ne," ya ce muna hawa. "Tsohuwata ba za ta shiga irin wannan wurin ba. Ni na koya mata ci."

Sati ya bi sati. Ƙamshin gyalen ya ƙare, sai warin leda. Inna Shulan kuwa kowace Alhamis tana dawowa da sabon ƙamshi a wani gyalen, tana 'yar waƙarta a ƙasan murya. Kawu ya daina tambaya, sai dai ya riƙa jefa magana. In ta zuba masa shinkafa ya ce, "Ashe har yanzu kina iya cin abincin gida." In wayarta ta yi ƙara ya miƙa wuya. Ya lissafa duk mazan unguwa da ke da hanci, ya ɗauki gaba da biyu a cikinsu ba su san dalili ba.

Abin da ya karya shi ya faru a bakin ƙofarmu. Maƙwabciyarmu ta sama ta ƙwanƙwasa, Kawu ya buɗe. Surukanta za su zo, ta ce. Kawu ya lumshe ido yadda ya saba, ya buɗe baki zai faɗi lungu.

"A'a, Malam Mou, Inna Shulan nake nema. An ce ta san wani wuri."

Inna ba ta gida. Kawu ya rufe ƙofa a hankali, ya zauna a kujerar cire takalmi, ya daɗe bai tashi ba.

Ni kuwa na jima da lura da wasu abubuwa. Ranar Alhamis Inna tana dawowa leɓenta lafiya lau. Ba ta taɓa kofin magani. Kuma takalminta yana zuwa da irin jar lakar da na kankare daga nawa ranar da muka sauka ƙarƙashin gada. Na yi ta juya maganar a baki ina jin nauyi. Amma ganin sa a kujerar nan ya fi nauyi.

"Kawu," na ce, "ka riga ka gano wurin. Ka tsaya a ƙofarsa."

Ya ɗago ya dube ni. Bai tambaye ni wanne ba.

Ranar Alhamis muka sauka. Can cikin kogon, inda fanka ke kaɗa tururi, Inna Shulan na zaune da ƙawayenta uku, mafitan rawarsu a jingine da bango. A gabansu tukunya ce mai shamaki. Ƙawayen suna tsoma hanjin agwagwa a gefen ja. Inna ta juya farin gefen wajenta, tana tsamo awara da ganye daga romon ƙashi, tana ba da labari da hannu. Ban taɓa jin ta yi magana da yawa haka a bakin tukunya ba. A da bakinta kullum a buɗe yake tana shan iska.

Kawu ya tsaya a kanta. "Farin romo, Shulan?"

Ta ɗago, ba ta firgita ba. "Ka iso? Na ce wa mai gidan wannan tsohon mai leda zai dawo."

"Wa ya nuna miki nan?"

"Ƙafata."

"Ban da wasa. Pu ne?"

"Ni kaɗai, tsoho. Na zo wucewa na ji ƙamshi, na duba daɓe, na duba tsofaffi. Shekara nawa ina bin bayanka, ka ɗauka makauniya ce ni? Na yi mata tambayarka ma. Da ta ce akwai, sai na shiga."

Ina jin da ta ce Pu ne, da ya fi masa sauƙi. Ya san yadda ake gaba da Pu.

"To me ya sa ba ki taɓa cewa barkono na damun ki ba?"

"Na faɗa. Kana cikin yi wa mai gida bayanin kitse."

Ƙawayen suka rufe baki da hannu. Ɗaya ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna mana, Malam Mou, ka tsaya kamar mai jiran bas."

Ya zauna a gefen ja. Ya ɗauki tsinkayen cin abinci ya tsoma tumbi, ya ɗaga, ya mayar, ya kai baki. Ya tauna ya daɗe yana kallon bango. Bai ce ya yi daɗi ba, amma ya nemi a ƙaro faranti.

"Unguwa duk sun ji," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Ta sama ma ke take nema."

"Ka ce musu kai ka gano. Ni ba suna nake nema ba. Amma duk ranar da ka kawo mutane nan, da ni za a zo, kuma tukunyar da shamakinta za ta zo."

"A gaban Pu?"

"Shi ma ka gayyato shi."

Ya gayyato shi, don in bai gayyata ba ba wanda zai yarda shi ya gano. A ranar, maƙwabta sun cika tebur biyu. Da aka ajiye tukunyar, Pu ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji.

"Jama'a, ku shaida! Direba ya kwanta asibiti! Dandan, ɗauki hoto, jikokina ba za su yarda ba."

"Zauna, kwandasta. Farin na tsohuwa ne, cikinta ba ya son barkono. Kai da ba ka iya gano komai ba sai ƙofar gidan shayi."

Aka ci, aka yi gumi, aka yi ta cewa Malam Mou dai hancinsa bai tsufa ba. Ya karɓi yabon yana gyaɗa kai. Amma ni da ke kusa da shi na ga inda idonsa yake. Mai gidan ta zo ta dafa kafaɗar Inna tana kiran ta yaya, ta ajiye mata ƙarin awarar da ba wanda ya nema. Shi kuwa ta ce masa, "Malam, matsa in wuce."

Yanzu ma muna fita nema ranar Asabar, har ya fi da ƙwazo. Yana shaƙar iska, ya duba daɓe, ya duba tsofaffi, ya yi tambayarsa. Sai dai yanzu in aka ce babu mai shamaki ne yake juyawa. Na taɓa ce masa Inna za ta ji daɗi in ta san saboda ita yake wannan wahala.

"Saboda ita?" ya ce, yana haki a tsakiyar matakala. "So nake in samo wanda ya fi nata."

Har yanzu bai samu ba. Gyalen ma bai kai wanki ba.