Sandar Famfon da Zartsi Ya Huda

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni ne mai kula da famfon rijiyar garinmu, arewa da Affala. Matashi ne ni a lokacin, ga zafin kai, ga shanun gado da nake ji da su. Ruwanmu zartsi ne, ba ƙarfen da yake ragawa. Da sandar famfon ta lalace na garzaya Tawa wurin mai tur, wato injin feƙe ƙarfe, shi kaɗai ne a garin. Tare muka yi kiwo da shi muna yara.

Ya nuna mini inoks, wato farin ƙarfen nan mai jure tsatsa, iri biyu, duka fari fat, ido ba ya rarrabe su. Ya ce ɗaya yana yankuwa kamar sabulu, amma gishiri na huda shi. Ɗayan taurin kai gare shi, yana cinye bakin wuƙar injin, sai dai ko a ruwan kanwa ya kwana ba ya tsatsa. Na roƙe shi ya yi mini da mai taurin, ya dafa ƙirji ya ce in kwantar da hankalina. Ashe tausayin wuƙaƙensa ya ji, ba na shanuna ba, ya yi mini da mai laushin. Tsakiyar bazara sandar ta karye, jikinta duk ramuka kamar gara ta ci. Kafin mu yi wa tsohuwar sandar ɗori, shanuna sun zube a bakin kwamin shan ruwa ina kallo. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ranar kasuwar Tawa na rataya guntun sandar a wuya, na bi rumfa-rumfa ina nuna ramukan, ina faɗin wanda ya yi. Ya turo dattawa su ba ni haƙuri, wai zai sake wata da mai kyaun. Na ce ko ta zinariya ce ba na so. Ban ƙyale shi ba sai da aiki ya ƙaurace masa, ya kwance injinsa ya bar gari. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Da wata bazarar ta zagayo, ɗorin ya ɓalle, Tawa kuwa ba mai tur. Wannan karon shanun maƙwabtana ne suka zube.

Shi dai ban yafe masa ba. Amma jama'a, in za a yi muku aikin inoks, ku faɗi irin ruwanku, ku tsaya a kai har a yanka. In kuma an cuce ku, ku fara karɓar gyaran kafin ku rama.