Tambayar Garke

Shekarar da yajin aiki ya cinye mana rabin karatu, ina koyar da aji huɗu a wata lakwal, wato makarantar boko, a Gure. Da aka dawo, yara sun mance abin da suka sani, mu kuma malamai mun rasa wa za mu wuce da shi gaba, wa zai maimaita aji. Sai mu malaman 'yan makarantun da ke kusa da juna muka haɗu muka tsara jarrabawa guda. Muka yarda cewa wanda ya kai maki ya wuce, wanda bai kai ba ya zauna. Don kada a ce an yi son kai, kowace makaranta ta duba takardun wata.

Akwai wata yarinya a ajina, 'yar makiyaya daga wajen Kelle, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Ba ta da surutu, faransancinta ma sai a hankali, amma in ana lissafi, kafin in ajiye alli ta gama. Babanta bai taɓa son bokon nan ba, gwaggon ce ta nace har ya bari. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ranar da aka ce ta maimaita aji, ranar za ta koma gida. Da sakamako ya fito, ta gaza da ɗan maki kaɗan, kuma a lissafin ne ta gaza. Na karanta sunanta cikin masu maimaitawa raina a ɓace. Ranar kasuwa babanta ya zo ya ɗauke ta, ko sallama ba mu yi ba.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka daga babban birni, wai mai bincike ne a kan jarrabawa. Ni dai tun kafin in gan shi na yanke masa hukunci. Mun saba da irinsu: su zo da jaka, su sha shayinmu, su tambaye mu matsalolinmu, su tafi, shi ke nan. Wannan kuwa siriri ne, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda, ga tambaya kamar ɗan yaye. Bai nemi ganin yara ba, bai nemi ganin yadda muke koyarwa ba. Tsofaffin takardun jarrabawa kawai yake so. Direktanmu ya haɗa ni da shi don in taya shi, na karɓa ina ƙunƙuni.

A hanya na tambaye shi, da ɗan gatse, me zai tsinta a takardun da an riga an duba. Ya ce shi ba yara yake jarrabawa ba, tambayoyin yake jarrabawa. Ya ce tambaya ma'auni ce, kamar tiyar 'yan hatsi, kuma akwai tiyar da ke cika wa wani ta tauye wa wani ba tare da mai awon ya sani ba. Na ce masa mu nan ba mu tauye kowa ba, tambaya ɗaya muka yi wa kowa. Ya yi murmushi ya ce shi ma fatansa ke nan.

Muka shimfiɗa tabarmi a cikin aji, muka zube takardun makarantun duka. Aikinsa ba wani abin mamaki ba ne a ido. Ya tara takardun kashi-kashi bisa ga maki: masu ƙarfi wuri ɗaya, matsakaita wuri ɗaya, masu rauni wuri ɗaya. Sannan kowane kashi ya raba shi biyu, 'yan cikin gari da 'ya'yan makiyaya, ni ne nake faɗa masa wane ne wane. Muka danne kowane tsibi da dutse saboda iska. Daga nan ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsa ita ce, in yara biyu ƙarfinsu ɗaya ne a sauran jarrabawar, to bai kamata wata tambaya ta riƙa kayar da ɗaya tana ɗaga ɗaya ba, sai in tana auna wani abu da ba lissafi ba.

Tambayoyin suka yi ta wucewa lafiya, ni kuma ina jin daɗi a raina. Sai muka iso kan wadda muka fi alfahari da ita. Wani abokin aikinmu, mutumin yamma da aka turo nan aiki, shi ya kawo ta, kuma da kyakkyawar niyya. Ya ce mun gaji da tambayoyin littafi masu maganar jirgin ƙasa da famfo, a yi wa yara tambaya daga rayuwarsu. Tambayar ta ce yaro ya faɗi yawan dabbobin da ke garken babansa, sannan ya lissafa guga nawa za su sha in kowace ta sha biyu. Duk mun yaba ranar da ya karanta ta, har muka ba ta maki mai tsoka.

A nan baƙon ya tsaya. 'Yan cikin gari, har masu raunin cikinsu, sun amsa. 'Ya'yan ma'aikata da ko kaza ba su da ita sun ƙago garke sun shayar da shi. Amma 'ya'yan makiyaya, har waɗanda suka warware tambayoyin da suka fi wannan wuya, yawancinsu sun bar wurin fari fat. Ya cire tabaransa ya goge, ya kira ni da mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce:

"Mushe, ni iyakar abin da aikina zai nuna ke nan. Tambayar nan tana da ciwo. Amma mene ne ciwon, ku ne 'yan gari."

Na ɗauki takardun ina dubawa. Wani yaro ya rubuta cewa suna da yawa. Wani ya rubuta alhamdulillahi da haruffan boko ya tsaya. Da na ga wannan sai na gane. Na tuna kakata, wadda in ka tambaye ta jikokinta nawa sai ta ce Allah ya yi albarka, ta sauya zance. Makiyayi ya san kowace dabbarsa da kamanninta da uwarta, in ɗaya ta ɓace zai gane tun daga nesa, amma ba ya buɗe baki ya faɗi adadinsu, kuma ba ya koya wa ɗansa haka. Ana gudun baki, ana gudun albarka ta tashi. Kowa a Gure ya san wannan. Ba mu dai taɓa tunanin abin zai biyo yaro har cikin aji ba. Na nemo takardar yarinyar nan. Sauran lissafin duk ta yi daidai, sai wurin nan da ta bari ba ko ɗigon biro.

Direkta bai so a taɓa sakamakon ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane uba zai zo da tasa al'adar. Baƙon bai yi gardama da zafi ba. Ya ce shi bai ce a ƙara wa kowa maki don tausayi ba, tausayi ma wani irin rashin adalci ne. A cire tambayar ga kowa da kowa, a sake auna yaran da abin da ya rage. Aka kira sauran malaman, aka yi ta ja-in-ja har la'asar. Wanda ya kawo tambayar shi ya fara cewa a cire ta. Aka bar waɗanda suka riga suka wuce, aka ƙara da waɗanda sabon awon ya tsallakar. Yarinyar tana cikinsu, kuma ba a ƙasa ba.

Baƙon ya tafi bayan 'yan kwanaki, ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji ana karanta rubuce-rubucensa a wuraren horar da malamai, har wani matashin malami ya zo yana yi mini bayanin hanyar tsibi-tsibin nan a matsayin sabon ilimi, na bar shi ya gama. Mu dai tun daga lokacin ba mu ƙara sa tambaya a babbar jarrabawa ba sai mun gwada ta a kan yara iri-iri. Abin da ya fi zauna mini shi ne, mutumin bai taɓa ganin yarinyar ba, bai san tana duniya ba, amma ya yi mata adalcin da mu masu ƙaunarta muka kasa.

Saura babanta. Gwaggon ta ce ita ba za ta iya tunkararsa ba, ya riga ya yi magana. Sai na hau motar kasuwa zuwa Kelle, ina ta shirya jawabi a hanya kan amfanin ilimi. Na same shi a wajen 'yan dabbobi, dogon mutum mai rawani, ba ya son yawan magana. Muka gaisa, muka koma inuwa. Na ce masa kuskure aka yi, 'yarsa ta ci. Ya ce takarda ba ta ci jiya ba, ta ci yau? Dole na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da tambayar da yadda ta bar wurin ba amsa.

Ya dubi ƙasa. Can ya ce:

"Ta san in ba ta rubuta ba za ta faɗi?"

Na ce ta sani, yarinya ce mai kai.

"Kuma ta san abin da na ce zan yi in ta faɗi."

Na ce wannan ma ta sani. Ya juya yana kallon dabbobi, har na fara tunanin na yi tafiyar banza. Jawabin da na shirya ko kalma ɗaya ban samu wurin sa ta ba.

"Malam," ya ce, "ni ba karatun nake ƙi ba. Tsorona a mayar mini da ita ba ta san gidansu ba. Shekara huɗu tana hannunku, ashe ba ku raba ta da mu ba."

Ya aiki wani ɗan'uwansa ya kira ta daga wajen rijiya. Ta zo hannunta jiƙe, ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni ba ta ɗaga kai ba. Bai yi mata wani bayani ba. Ya ce ta je ta wanke kayanta, in an koma lakwal shi da kansa zai kawo ta.