Turnabis ɗin Kawu Sale

Duk wanda ya san marigayi Kawu Sale a Gaya ya san turnabis ɗin nan, wato sukudireba, mai jan kai da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ba ya yarda da abin da bai ga cikinsa ba. Da ka shigo da sabon abu sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo mu ga cikinshi."

Rediyon Inna, wato mahaifiyata, ya fara buɗewa. Ya mayar da ita, kusoshi uku suka rage a tabarma. Inna ta tambaye shi na mene ne, ya ce masu ƙerawa ne suka zuba da yawa don almubazzaranci. Rediyon ba ta ƙara cewa uffan ba, amma kusoshin sun shiga hannun butarsa.

Ladanin unguwarmu kuwa da ya hango shi yake kai lasifika ɗaki ya kulle. Har wani masunci daga Tunuga ya taɓa rantsuwa gara ya tuƙa kwalekwale da hannu zuwa gida da Kawu ya taɓa masa inji. Kawu bai ji haushi ba. Ya bi shi har bakin ruwa yana tambayar ta ina man yake bi.

Ni ma na sha nawa rabon. Bayan rasuwar Inna ordinatata, wato kwamfutata, ta mutu, kuma duk hotunanta da nake da su suna ciki. Mai gyara ya ciro wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya ce wannan shi ne diski, lafiyarsa lau, in sayo masa ɗan gidan da ake saka shi da waya a tsallaken gada, a jona shi da wata na'urar, hotuna su fito. Kuskurena ɗaya, na ajiye shi a kan tabarma na hau kabu-kabu.

Ina dawowa na tarar da Kawu ya yi masa filla-filla. Maganaɗisun ciki har ya tattara allurai da shi, yana ta murna. Wai so yake ya ga inda hotuna suke kwana.

Ranar na manta kawuna ne. Na yi masa faɗa, na yi kuka har muryata ta dishe. Shi kuma yana tsaye, turnabis a hannu.

Can ya ɗauko wani faifai da ya ciro daga cikin diskin, mai sheƙi kamar madubi, ya goge da bakin rigarsa, ya ɗaga shi daidai fuskata.

"Ɗiyata, na yi ɓarna, ban da ta cewa. Amma dibi nan. Mi kika gani? Hancin nan da goshin nan, wallai na Yaya ne. Ko wannan hararar tata ce."

Dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye, don na san hararar.

Hotunan dai sun tafi har abada, kuma har gobe abin yana min ciwo. Faifan kuwa Kawu ya ɗaura masa zare ya rataya min a bango, don shi ba ya zubar da komai. A ciki nake ɗaura kallabi kowace safiya, in gaida Inna.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kamar yadda na yafe, ya haɗa shi da yayarsa a Aljanna.