Ruwan Wankin Kifi a Bakin Wara

Ana idar da sallar asuba muka bar Yelwa, ni da ɗiyata da gwaggonta, ƙanwar maigidana, wadda malamar makaranta ce. An ba ɗiyar aikin gama karatu: ta ɗauko hotunan malam-buɗe-littafi na bakin tafki, ta gano sunan kowane iri. Kwana biyu suka rage ta miƙa. Ni dai kwandon abinci aka ba ni.

Hanyar Ngaski ta girgiza mu har ƙosaina ya zama gari, ga kuɗin mota ya tashi. Ban damu da ramuka ba kamar yadda na damu da kujerar baya. Su biyu sun haɗa kai a kan wani littafin Turanci mai hotuna, "Gwaggo duba wannan," "Gwaggo mi ak kalmar nan?" Ni da na goye ta, karatuna na yaƙi da jahilci ne, bai kai nan ba.

Da hantsi muka isa Wara. Jiragen masunta sun dawo, mata na ta ƙyafe tarwaɗa da karfasa. Malam-buɗe-littafi kuwa ga su nan birjik, amma ko ɗaya ya ƙi zama. Ashe sai an ɗauki fiffike a buɗe da kuma a rufe kafin a gane iri. Suka yi ta bin su da waya, hotuna duk dishi-dishi.

Na san maganin tun ina yarinya a gidan masunta. Allah Ya yafe mini, na yi shiru har azahar, ina jira littafin Gwaggo ya zaunar da su. Sai da na ga ɗiyata ta tsuguna tana share ido da gefen hijabi, sannan na tashi. Na roƙi wata mai kifi ruwan da ta wanke kifinta, na kwarara a kan yashi inda rana ke bugawa, na ce kowa ya ja baya. Ba a jima ba suka sauka, farare, rawaya, da wani baƙi mai ratsin kore, suna tsotsa suna buɗewa suna rufewa.

Gwaggo ta ce, "Yaya, kin sani tun safe?" Na ce masar da ke kwando ta huce, su zo su ci.

A mota suka koma kan littafinsu, Gwaggo na kiran sunaye masu tsawo.

Mun iso gida kafin magariba. Washegari, da ɗiyar ta gama haɗa aikin, na buɗe takardar a ɓoye. Sunan Gwaggo ne a sama, wurin godiya. A ƙasan kowane hoto kuma ta rubuta da Hausa: "Inda Inna ta zuba ruwa." Na karanta da kaina, sau uku. Tafiyar nan ta nuna mini kishina ya kusa cinye wa ɗiyata shekara guda. Bai mutu ba har yanzu, amma ba zan ƙara bari ya kai azahar ba.