Tukunyar Mama Laraba Ba Ta Yoyo

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lambu a Abuja, ban taɓa mantawa da ranar da Oga Bulus ya aike ni Ushafa in roƙi wata dattijuwa ta ɓata tukunyarta da hannunta ba. Tunda yanzu Allah ya sa na iya riƙe biro, bari in rubuta muku labarin, ku da kuka shigo sana'ar daga baya kuka tarar da komai a shirye.

Lokacin ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba. Gari yana ta buɗewa, ko'ina ka duba gini ake yi, kuma duk wanda ya gama gida sai ya nemi abin ƙawata ƙofarsa. Oga Bulus mutumin Filato ne, yana da ɗan fili a bakin titi inda muke rainon shuke-shuken ado, waɗanda mutanen Abuja ke kira fulawa. Ni ne foman, wato babban ma'aikata. Ni ke raba aikin ban ruwa, ni ke raka kaya gidan kwastoma. Damuwarmu ɗaya ce: daga farkon layin masu sayar da fulawa har ƙarshensa kowa abu ɗaya yake sayarwa, cikin baƙar leda iri ɗaya. Mai mota inda ya ga inuwa nan yake tsayawa.

Oga ya yi tunani ya ce mu dai za mu bar leda, mu koma dasa namu cikin tukwanen ƙasa na Ushafa, ƙauyen nan na wajen Bwari da matansa suka yi suna a ginin tukwane. Ya tsara komai, daga motar da za ta ɗauko har irin shukar da za ta dace da kowace tukunya. Muka sayo kaɗan na gwaji a wajen Mama Laraba, wadda kowa ya shaida ba wanda ya kai ta iya zane a jikin randa.

Dabara ta ci tun ba a je ko'ina ba. Wata Hajiya, darakta a wata ma'aikata, ta taka birki ta ɗauki biyun da muka fara dasawa ta kai sabon gidanta. Ta ce in sun yi mata, tana so a jera irinsu tun daga get har ƙofar falo kafin walimar tarewa, kuma duk abokan aikinta za su zo. Da ta tafi Oga ya ce mini, "Malam Iro, ga ƙofa nan Allah ya nuna mana. In ta buɗe mun shiga. In ta rufe, ni Jos zan koma noman dankali, kai kuma sai ka nemi wani ogan."

Akwai abin da wanda ba ɗan sana'a ba bai sani ba. Shuka tana son ruwa, amma ba ta son kwana a cikinsa. Leda a huje take zuwa, ruwa ya shiga ya fita. Tukunyar Ushafa kuwa don ajiye ruwa aka gina ta. Oga ya san da haka, shirinsa shi ne mu huda da kanmu. Na sa ƙusa na buga, tukunya ta dare gida biyu. Ya ce hannuna ne ya yi nauyi, ya karɓi guduma, ya yi addu'a, ya buga. Tasa gida uku ta yi. Nan muka gane sai dai a huda tun yumɓu yana ɗanye, kafin a gasa. Ga damina ta sauka, ga tukwanen Hajiya ba huji.

Washegari na isa Ushafa, na tarar da Mama Laraba a gindin mangwaro tana zagaya wata randa tana shafe ta. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mama, tukwane muke so da yawa, masu zanen nan naki. Sai dai kowace a yi mata huji a gindi."

Ta tsaya cak. "A yi mata me?"

"Huji. Ɗan ƙarami, kamar yatsa."

Sai ta ɗaga murya. "Ku zo ku ji ɗan birni! Randa mai yoyo yake nema!"

Mata suka taru suna dariya. Wata ta ce, "Malam, ka sayi kwando mana, ya fi araha."

Na yi bayani, na sake yi. Ta ce, "Ka ji, ɗana. Tukunyar da ta yi yoyo, fasa ta muke yi kafin maƙwabta su gani. Haka uwata ta koya mini. Zanen nan, daga nan har Gwagwalada kowa ya san nawa ne. Mutum ya ɗaga ya ga rami, ya ce Laraba ta tsufa, hannu ya mutu. Kai za ka bi su gida-gida kana bayani?"

Na ce Oga zai ƙara mata a kan farashi. Ta ce kuɗi ba ya toshe huji. Na waiwayi sauran matan, kowace ta sunkuya kan aikinta, domin ita ce babbarsu, in ta ce a'a, duk unguwar a'a ce.

Ban yi gardama ba. Na naɗe hannun riga na taya su kwaɓa yumɓu, aka kawo dafaffiyar doya muka ci. Da na ga fuskarta ta saki sai na ce, "Mama, kin taɓa ganin inda tukwanenki suke zama a birni?"

"A bayan madafa mana. Ina kuma tukunya za ta zauna?"

Na ce ta zo ta gani da idonta. Ta yi kamar ba za ta ba, sai ga ta ta fito da sabon zani, ta shige gaban akori-kura, ni aka mayar baya.

Muka biya ta lambu muka ɗauki Oga, sai ƙofar gidan Hajiya. Maigadi ya buɗe, sai ga tukwanen nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙofar falo, a kan farin tayil, an goge su suna sheƙi.  Mama ta matsa za ta shafa, maigadi ya yi tsalle.

"Mama, kar ki taɓa! Kayan Hajiya ne, masu tsada!"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni na haife su."

Hajiya ta fito, aka gaisa, ta nuna ganyen da duk ya yi rawaya, ta ce ga sauro ya samu gida. Mama ta zura hannu cikin tukunya ta damƙo taɓo mai wari. Manomiya ce, ta san ruɓaɓɓiyar saiwa. Amma abin da ta fara cewa shi ne, "Kin gani ko? Ko ɗigo bai fita ba."

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Na gani, Mama. Tukunyarki ta ci jarrabawa, fulawata ce ta faɗi." Sannan ta juyo kanmu. "To in kun huda, ruwan ina zai je? Kan tayil ɗina, baƙi su zame?"

Na dubi Oga, Oga ya dubi takalminsa. Duk tsarin da muka yi bai kai nan ba.

Mama ta zagaya tukunyar tana kallonta, ta goge hannu a ganye. Ta ce, "Zan huda. Amma kowace da kaskonta a ƙasa, ya tare ruwan, shi ma da zanena. Ba wanda zai ce tukunyar Laraba ta jiƙa wa mutum ƙasa. Ba kasko, ba huji."

Haka aka yi. Ta haɗa matan unguwar, aka gina, aka shanya a rumfa saboda ruwan sama, aka gasa, muka jera kafin walima. Baƙi sun ci shinkafa, amma zancen tukwane suka tafi da shi. Kafin damina ta zagayo mun buɗe lambu na biyu a hanyar Nyanya, Oga kuma bai sake maganar dankali ba.

Abin da na koya shi ne, mai tsara sana'a yakan tuna da fili da mota da mai saye, ya manta da wanda ke yi masa kayan, alhali shi ma yana da sunan da yake karewa. In irin wannan mutum ya ce muku a'a, kar ku yi saurin ƙara masa farashi ko ku yi fushi. Ku zauna ku gano abin da yake tsoron rasawa, domin sau da yawa gyaran sana'arku a wajensa yake.

Har yau ita ke gina mana. Sai dai na lura, duk lokacin da za ta soka kara a gindin tukunya, sai ta kawar da kai gefe ta rufe ido, kamar mai raka jika wajen allura.