Koren Kunnen Kawu

Duk layinmu babu wanda ya san kawuna da sunan da aka raɗa masa. Dakata ake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba, da bakinsa ya jawo. Ko aron guduma ka je gidansa sai ya zaunar da kai a falo, ya kunna maka tsohon katun ɗin nan na jakin da ya gudu daga gidan niƙa yana neman teku, wanda uwata ta kalla tana yarinya mu ma muka zo muka kalla. Ba ya farawa daga farko. Tura shi yake yi har minti na arba'in da ɗaya, sai ya ɗaga hannu kamar mai ba motoci hannu a titi, ya ce, "Dakata!" Alhali rimot ɗin yana hannunsa, kai kuma ko motsi ba ka yi ba.

Ga abin da ake dakatawa a gani. Yana ɗan shekara goma sha tara ya samu aiki a wani ɗakin fenti da masu fim ɗin suka ba kwangila. Lokacin babu kwamfuta, kowane motsi da hannu ake zana shi a kan fallen roba garai-garai, a miƙa wa masu fenti su cike launi. Su arba'in ne a dogayen tebura, kuma ta bayan fallen ake shafa fentin don kada a ɓata layin mai zane. Kawu ganye aka ba shi. Wata goma sha ɗaya cur yana shafa kore, har ya ce idan ya rufe ido ciyawa yake gani. To akwai wurin da jakin ya ɓuya a cikin duhuwa, kunnensa na hagu ya leƙo ta saman ganye. Ta bayan falle, kunnen jaki da ganye ba su da maraba. Kawu ya shafa masa kore, falle shida a jere. Mai duba aiki bai lura ba, mai ɗaukar hoto bai lura ba, fim ya shiga duniya da jaki mai koren kunne na kwatan sakan.

Mai hankali ɓoye irin wannan yake yi. Kawu kuwa shi ne takardar shaidarsa, don a ƙarshen fim, bayan an jera sunayen manya har da na direban darakta, su arba'in ɗin nan layi ɗaya aka ba su: "da sauran ma'aikata." Idan ya zo wurin yakan buga ƙirji ya ce, "Ni ne sauran."

Bayan an rufe ɗakin fentin ya koma rubuta allunan shaguna, sama da shekara arba'in. Kuma wallahi gwani ne. Har yau idan ka bi babban titi, allon mai aski da na mai gyaran agogo hannunsa ne, rana ta dake su ruwa ya dake su amma haruffan suna nan tsaf. Ka yaba masa su, sai ya taɓe baki kamar ka yabi takalminsa. Shi dai kunnen.

Matsalar ita ce kunnen ya yi ta ɓacewa. Kaset ɗinsa na farko shi ne ya nuna shi sosai, in ji waɗanda suka gani, kuma yawancinsu sun rasu. Kaset kuwa ba ya son a riƙa tsayar da shi wuri ɗaya. Kawu ya tsayar da nasa a wurin nan ya fi sau dubu, har zaren ya siɗe. Lokacin da na yi wayo, idan an zo minti na arba'in da ɗaya ba abin da ake gani sai farin yayyafi da layuka suna tsalle. Ya ce, "Aku, kin gani?" Aku yake ce mini saboda bakina. Na ce na gani, don ya sake ni in tafi wasa. Ban ga komai ba.

Da faifai ya fito ya yi murna, ya saya. Na farko hotonsa ya dagule, jakin ma da ƙyar ake bambanta shi da duhuwar. Na biyu hoto tar, sai dai masu hikima sun ga talabijin ta yi faɗi, suka datse saman fim da ƙasansa don ya cika fuskarta. Kunnen Kawu a sama yake. Duk bugun da ya biyo baya haka ya zo, jaki a ɓoye cikin ganye, kunne a waje da talabijin, wataƙila a saman kabad.

Wannan bai hana shi saye ba, don kamfanin fim ɗin ya gano irin su Kawu tun kafin su gano kansu. Duk bayan 'yan shekaru sai a sanar cewa za a rufe fim ɗin a ma'ajiya, wanda bai saya yanzu ba shi ke nan. Bayan shekara uku a buɗe ma'ajiyar a fito da shi da sabon kwali. Akwai bugu na musamman, akwai na musamman na gaske, akwai na gwangwani mai maƙalin makulli a ciki. Kowanne da faifai na biyu, na ƙarin abubuwa, kuma wannan na biyun shi Kawu yake farauta, ko Allah zai sa wani ya tuna da ɗakin fenti.

Ni na sha zama kallon su da shi, Allah ya saka mini. Akwai wanda darakta yake magana a kan fim ɗin daga farko har ƙarshe, rabi tari rabi "wannan wurin ban tuna shi ba." Bayan ya rasu aka kawo matarsa ta nuna mana tabaransa da kofin da yake shan ruwa. Aka nuna mana wani yanki da aka ce an cire, sakan goma sha biyu, jakin yana tafiya daga hagu zuwa dama. Aka yi hira da jikan mai kiɗan fim, wanda aka haifa bayan kakan ya mutu, ya yi minti ashirin yana ba da labarinsa. Karen mai kiɗan ma an nuna hotonsa, da sunansa a rubuce a ƙasa. Kawu ya kalli karen nan ya daɗe, ya ce, "Shi ma dai ya yi ƙoƙari."

Matarsa, Anti, tela ce, kuma kantar da take ajiye yadinta ita kwalayen suka cinye ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya shigo da na gwangwani ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Malam, jakin nan dai ya isa tekun ko har yanzu yana hanya?"

"Ke ba ki san darajar tarihi ba."

"Na sani mana. Ga shi nan ya kore mini yadi zuwa ƙarƙashin gado."

Ita kaɗai ce mai rai da ta ce ta taɓa ganin kunnen da idonta, amma idan aka matsa mata sai ta ce lokacin amarya ce, kome ya nuna mata gani take yi. Mu yaran gidan mun daɗe da yanke hukunci a bayan idonsa: Kawu dai ya share ɗakin fentin ne, ko ya taɓa wucewa ta ƙofarsa. Wanda ya fi kowa iya shege shi ne mijin babbar 'yarsa, da muke ce wa Injiniya ko da yake famfo yake gyarawa. A gaban Kawu kansa a ƙasa, "Haka ne, Baba. Ƙwarai kuwa, Baba." Da ya fita ƙofa sai ya ɗaga hannu ya ce wa akuyar maƙwabta, "Dakata!" Mu yi ta dariya. Ni ce mai dariyar da ta fi ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Kuma Kawu ya sani. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana auna tazarar haruffa da ido ba zai kasa karanta fuskar surukinsa ba.

Sai ga bugun cika shekara hamsin. A jikin tallan an rubuta cewa an koma kan ainihin fim ɗin, cikakken hoto, ba a datse ko'ina ba. Kawu ya kira ni a waya. "Aku, ba a datse ba. Kin ji? Sama da ƙasa duk suna nan." Ranar Asabar da la'asar ya tara mu, 'ya'ya da surukai da mu 'ya'yan ƙannensa, har da mai askin da ya rubuta wa allo. Ya sa rigarsa mai aljihu biyu da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya goge fuskar talabijin da hannun rigar. Ledar kwalin ma da reza ya yanka ta a hankali, ya ninke ya sa a aljihu.

Wannan karon bai tura ba, tun daga farko ya bar shi. Kuma gaskiya fim ɗin ya yi kyau, ban taɓa sanin hular jakin ja ce ba. Muna zaune minti arba'in, Kawu a bakin kujera, babban yatsansa a kan rimot. Jaki ya shiga duhuwa. Kunne ya leƙo.

"Dakata!"

Ya tsayar. Kunnen toka-toka ne, irin na kowane jaki. Ya matsa gaba falle ɗaya, toka. Ya ƙara, toka. Ya bi shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ya koma baya ya sake bi, ya wuce su har jakin ya fito daga duhuwar. Babu kore ko na ɗigon allura. Injiniya ya gyara murya ya ce cikin ladabin nan nasa mai kashe mutum, "Wataƙila a wani fim ɗin ne, Baba. An daɗe."

Kawu ya jingina da kujera. Ya ajiye rimot a kan cinyarsa yana kallon hannuwansa. A lokacin na ga ya tsufa, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don abin da muka yi shekaru muna faɗa a bayansa ne ya fito fili, kuma ba daɗi ko kaɗan. Don dai in kawar da zancen na tashi na ce bari mu ga faifai na biyu, ko karen ya samu jika. Babu wanda ya yi dariya. Na saka, na danna abin da ya fara zuwa hannuna. Sunansa "Yadda Muka Tsabtace Fim".

Wani saurayi ne mai gemu a kujera mai juyawa, kwamfutoci uku a gabansa. Ya nuna yadda suka cire ƙura, suka cire zane-zanen da tsufa ya yi wa fim. Sai ya yi murmushi ya ce yanzu zai nuna mana wanda duk ofishinsu suka fi so. Ya danna.

Kunnen ya cika talabijin. Kore shar, koren ganye bayan ruwa, an zagaye shi da jan layi har da kibiya. Falle na ɗaya, na biyu, har shida, a hankali, yadda Kawu bai taɓa samun nuna shi ba. Saurayin yana dariya yana cewa shekara hamsin wannan abin kunya yana cikin fim, duk wanda ya yi shi ko barci yake ko bai taɓa ganin jaki ba, ba su san ko wane ne ba, kuma gara da ba su sani ba. Ya ce gyaran bai ɗauke shi minti huɗu ba. Ya ja wani abu da yatsa, kore ya koma toka.

Na miƙa hannu zan kashe. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Mai da shi baya, Aku."

Na mayar. Da kunnen ya sake cika fuskar talabijin ya ce, a hankali wannan karon, "Dakata." Ya tashi ya je gabanta, ya sa yatsa yana bin gefen kunnen ba tare da ya taɓa gilashin ba.

"Ku duba bakin layin," ya ce. "Ko ɗigo bai fita ba. Ta baya fa na shafa shi, da burushi mai gashi ƙwaya nawa. Injiniya, matso ka gani."

Injiniya ya matso. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, kuma a karon farko tun da ya shigo gidan nan ya rasa "haka ne, Baba" ɗinsa. Anti ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Sai ta tashi ta shige ɗaki, muka ji kekenta ya fara aiki da ƙarfi, alhali na san babu ɗinkin da take yi ranar.

Yanzu Kawu yana da shekara saba'in da shida, kuma ya daina sayen sabon bugu. An yi guda biyu tun daga lokacin, ɗaya har da 'yar tsanar jaki, ko kallon tallan bai yi ba. Kwalayen ya kwashe ya zuba a buhu, yadin Anti ya koma kantarsa. Faifai ɗaya ya bari a waje, na biyun nan, fim ɗin kansa ma ban san inda ya jefa shi ba.

Har yanzu idan ka je aron guduma sai ka zauna. Makon jiya na tarar da shi ya kama sabon mai kawo takardar wuta, bawan Allah yana zaune a takure da jakarsa a cinya. Saurayin mai gemu ya bayyana, ya juya a kujerarsa, ya buɗe baki. Kafin kalma ta fito Kawu ya danna maɓallin da ke ɗauke sauti, ko duba rimot ɗin bai yi ba, yatsansa ya san wurin. Saurayin ya yi ta dariyarsa babu murya, jan layi ya zagaye kunne.

Mai takardar wuta ya ce, "Baba, me yake cewa ne?"

Kawu ya juyo ya kalle ni. Ni da aka sa wa suna Aku saboda ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba.

Na ce, "Bayanin aikin Kawu yake yi."